Darasi Na 8: Ƙurajen Zafi, Waɗanda Iska Ke Warkarwa Da Waɗanda Sai An Je Asibiti

Lokaci: Awa 1, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: Ƙaramin tulu da ruwa a ciki, jarkar roba da ruwa a ciki, ƙyallen atamfa, ƙyallen yadi mai santsi irin na hijabi, kofin gilashi, da ƙwayar masara ko tsakuwa don lissafi.

Manufar darasi

A ƙarshen zaman nan, kowace mamba ta iya:
1. faɗin abin da ke kawo ƙurajen zafi;
2. kula da su a gida ba tare da ta taɓa jarinta ba;
3. gane ƙurjin da ba na zafi ba ne, ta kai yaro asibiti da wuri.

Gabatarwa

Iyayena da yayyena, wadda ta yi bazara a Kucheri ba sai an kwatanta mata zafi ba. Daga watan Maris zuwa Mayu, a nan yankin Tsafe da Gusau da Bunguɗu, zafi kan kai digiri 40, wani lokaci ma ya zarce. Idan hadari ya fara haɗuwa yana bajewa, ruwa bai sauka ba, iska ta tsaya cik, to a lokacin ne za ki ga wuyan yara da goshinsu da bayansu sun feso da ƙananan ƙuraje kamar an watsa gero. Mu manya ma ba mu tsira ba, musamman masu wuni a bakin murhu: mai ƙuli-ƙuli, mai awara, mai ƙosai, mai dafa kalwa.

Wata za ta ce, me ya kawo zancen ƙuraje cikin littafin ajiyar kuɗi? Dalili biyu ne. Na farko kuɗi. Duk bazara kuɗin zubi na tafiya kemis wajen sayen kirim da hoda da allura, a kan ciwon da iska da ruwa za su iya warkarwa. Na biyu rai. Akwai ƙurajen da ke kama da na zafi amma suna kisa, sai uwa ta ce "ai zafi ne", ta zauna tana shafa hoda har lokaci ya ƙure. Darasin yau zai taimake mu mu daina kashe kuɗi a kan na farko, mu tanade shi don na biyu.

1. Me ke kawo ƙurajen zafi?

*Ga mai jagora: Ki ba mata biyu ruwan tulu da ruwan jarka su taɓa. Ki tambaya: wanne ya fi sanyi? Me ya sa?*

Ruwan tulu ya fi sanyi saboda jikin tulu na tsatsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska na busar da shi, tana tafiya da zafin. Jarka ba ta tsatsafowa, shi ya sa ruwanta ke zama kamar an ɗumama. Haka Allah Ya yi jikinmu. A cikin fatar mutum akwai 'yan maɓuɓɓugan zufa tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4. Kowace tana da siririyar hanya da ke fito da zufa, wato gumi ko jiɓi, zuwa saman fata. Idan iska ta busar da zufar, sai jiki ya yi sanyi.

To idan zufa ta yi yawa kuma ba ta bushe ba, fata kan jiƙe ta kumbura, matacciyar fata da maiƙo su taru su toshe bakin hanyar. Kun san abin da ke faruwa idan indararo ya toshe da damina: ruwa ba ya fita waje, sai ya koma cikin ginin ya jiƙa shi. Haka zufar ke tsagewa ta shiga cikin fata, wurin ya tashi ya yi ƙurji.

Saboda haka ƙurajen zafi ba dattin jini ba ne, ba maiƙon abinci ba ne, ba nonon uwa ne ya lalace ba, kuma ba a ɗaukarsu daga wani. Idan yara uku a ɗaki ɗaya suka yi su tare, ɗakin ne ya yi musu zafi tare. Jarirai sun fi kamuwa domin hanyoyin zufarsu ba su gama ƙwari ba, sannan ba su da bakin cewa a cire musu riga.

2. Yadda suke fitowa

Kamanninsu ya danganta da inda hanyar ta toshe.

*Idan a sama-sama ta toshe:* ƙananan ƙuraje masu ruwa garai-garai kamar raɓa. Ba sa ƙaiƙayi, da an goga sai su fashe. An fi ganinsu a goshi da wuyan sabon jariri, ko ga wanda ya yi zazzaɓi ya haɗa gumi. Sukan baje da kansu.

*Idan ta toshe a tsakiyar fata:* wannan shi ne wanda muka fi sani. Ƙuraje birjik masu ƙaiƙayi da tsikari kamar ana soka ƙaya. A jikin mai hasken fata sukan yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai ki ga wurin ya yi duhu ko toka-toka, in kin shafa ki ji gurzi-gurzi. Wurarensu su ne wuya, ƙirji, baya, hammata, ƙarƙashin nono, matsematsi, da inda zane ko majanyi ke ɗaurewa.

*Idan ta toshe can ƙasa:* wannan bai cika faruwa ba. Yakan samu babban mutum da ya sha fama da ƙurajen zafi sau da yawa. Ƙurajen kalar fata ne, ba ƙaiƙayi sosai, amma wurin ya daina fitar da zufa. Haɗarinsa shi ne jiki ya kasa sanyaya kansa, mutum ya riƙa jin jiri da kasala a cikin rana.

Akwai kuma abin da susa ke jawowa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan yaro ya sosa da farce fata ta tsage, ƙwayoyin cuta kan shiga, ƙurjin ya yi farin kai da mugunya, ko ya zama maruru a kai da goshi, ko gyambo mai ɓawo ruwan zuma. Wannan ya wuce ƙurajen zafi, yana buƙatar ma'aikacin lafiya ya gani.

3. Abubuwan da muke yi da hannunmu

*Ga mai jagora: Ki jiƙa ƙyallen atamfa da ƙyallen yadi mai santsi, ki shanya su. A ƙarshen darasi a duba wanne ya sha ruwa, wanne ruwan ya tsaya a kansa.*

- Jibga wa jariri kaya. Hula, safa, rigar sanyi, tawul, sannan a rufa bargo, a tsakiyar watan Afrilu. Gaskiya ne sabon haihuwa na buƙatar ɗumi, musamman bakwaini da wanda aka haifa ƙarami. Amma ga lafiyayyen jariri ma'aunin mai sauƙi ne: abin da kika sa, shi a ƙara masa shafi ɗaya kawai. Ki taɓa bayan wuyansa. In kin ji jiƙe da gumi, kayan sun yi yawa.
- Ɗakin jego. An rufe ƙofa da taga, ga garwashi, ga tururin ruwan wanka, ga 'yan barka cike da ɗaki. Jariri na cikin wannan zafin dare da rana.
- Dogon goyo. Cikin yaro manne da bayan uwa, zane da majanyi sun ɗaure, hijabi ya rufe shi ruf. Uwa na gumi, ɗa na gumi, ba ta inda iska za ta shiga.
- Mai mai kauri. Basilin da man kaɗanya suna da amfani da hunturu lokacin da fata ke tsagewa. Da bazara kuwa, lafta su kamar shafa wa tulu fenti ne.
- Leda da roba. Ledar katifa, tabarmar roba, famfas da ke wuni a jikin yaro, da tufafi masu santsi da ba sa shan gumi.
- Cunkoso. Gidaje da yawa yanzu suna ɗauke da 'yan'uwa da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukansu, kuma ba kowa ke iya kwana a tsakar gida kamar da ba. Ɗakin kwano mai mutum takwas, ƙofa a kulle, dole yara su yi ƙuraje. Wannan ba laifin kowa ba ne, sai dai mu nemi dabara.

4. Maganinsu a gida

Maganin ƙurajen zafi uku ne: sanyi, iska, da bushewa. In an samu waɗannan, yawanci cikin kwana 2 zuwa 3 za a ga sauƙi.

1. A yi wa yaro wanka da ruwan da ba zafi sau 2 ko 3 a rana. Sabulu sau ɗaya ya isa, kuma mara ƙarfi. Ban da dirza da soso. Ga ƙaramin jariri, ruwan ya zama mai ɗan ɗumi kamar jikinki, ba ruwan randa ba.
2. In ruwa ya yi wuya, kamar yadda yakan yi idan rijiyoyi suka ja baya, moɗa ɗaya ta isa. Ki jiƙa tsabtataccen ƙyalle ki goge wuya, hammata, matsematsi da bayan gwiwa. Ki ɗora jiƙaƙƙen ƙyallen a kan ƙurajen na ɗan lokaci, yana kwantar da ƙaiƙayi.
3. Bayan wanka kada a goge da ƙarfi. A dangwala tawul, ko a bar iska ta busar.
4. A bar yaro da 'yar shimi ta auduga mai faɗi, ko ba riga in yana inuwa. A cire famfas na wasu awanni kowace rana.
5. A riƙa sauke goyo. In kina aiki a gida, shimfiɗa masa tabarmar kaba a inuwa inda idonki ke kansa, nesa da murhu.
6. A yanke masa farce.
7. Yaron da ya wuce wata 6 a ba shi ruwa mai tsabta akai-akai. Wanda bai kai wata 6 ba, nono zalla, a ƙara yawan ba shi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, yana kashe masa ƙishi ko da bazara. Ruwan da za ki ɗura masa shi ke kawo gudawa.
8. Kada a jingine gidan sauro don zafi. A rage kayan jikin yaro, a buɗe taga in da hali, amma ya kwana a ciki. Ƙurajen zafi ba sa kisa, zazzaɓin cizon sauro na kisa.

In ƙaiƙayi ya hana barci, akwai ruwan magani mai kalar hoda da ake kira kalamin. Ana shafa shi sama-sama, ban da ido da baki da wurin da ya fashe.

Ga mu manya: ki canza rigar ciki in ta jiƙe, ki busar da ƙarƙashin nono da matsematsi bayan wanka, ki sa ƙyallen auduga a wurin in kina suya. In da hali, a mayar da suya da sassafe ko da yamma. In wurin ya saɓule, ya yi ja yana wari, ko maruru na yawan dawo miki, ki je a duba ki, a gwada har da ciwon suga.

5. Abin da ba za a shafa ko a sha ba

- Kirim mai "aiki uku". Irin na cikin ɗan bututu da ake cewa yana maganin kowane ƙurji. Da yawansu na ɗauke da sinadari mai ƙarfi da ake kira sitiroyid. Kwana biyu za ki ga fata ta yi luwai, ki ce magani ya yi. Amma in aka daɗe ana shafawa yana sa fata ta yi siriri, ta ɗashe, ƙwayoyin cuta su samu hanya, kuma jikin jariri na tsotse shi ya shiga jini. Irin wannan sinadari na cikin mayukan bilicin da yawa, waɗanda hukumar NAFDAC ta ayyana a 2023 a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Kada a haɗa shi da man shafawar yaro. Sai in likita ne ya rubuta, ya faɗi kwana nawa.
- Hoda. In ta haɗu da gumi takan dunƙule ta ƙara toshe fata, kuma jariri na shaƙar ta ta shiga huhunsa. Mai sanyin nan mai yaji-yaji ba ta jarirai ba ce.
- Kafso da allura. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya buɗe hanyar zufa. Fasa kafso a barbaɗa a ƙurji, ko ɗiga wa jariri a baki ba tare da an duba shi ba, asarar kuɗi ce, kuma ranar da ake buƙatar maganin da gaske sai ya ƙi aiki.
- Toka, kanwa, kalanzir, lemun tsami. Duk suna ƙona fata.

Iyayenmu kan dafa ganyen dogon yaro, wato bedi, a yi wanka da shi. Wadda za ta yi, ta bari ruwan ya huce sarai, ta tace, kuma kada a ba yaro ya sha.

6. Ƙurajen da ke shigar burtu

Ga babbar tambayar da za ki yi wa kanki: *yaron nan lafiyarsa lau ban da ƙurajen?* Mai ƙurajen zafi yana cin abinci, yana shan nono, yana wasa, jikinsa ba zazzaɓi. In ba haka ba, ki yi tunanin waɗannan:

Ƙyanda, wato baƙon dauro. Ita ma da zafi take yawaita, shi ya sa ake ruɗewa. Takan fara da zazzaɓi mai zafi kwana 3 zuwa 4, da tari, da majina, da jan ido. Sannan ƙuraje su fito daga fuska da bayan kunne su gangara jiki. Tana kawo ciwon huhu da gudawa da makanta, ta fi tsanani ga yaro mai tamowa. Ɓoye yaro a ɗaki a hana shi wanka ba ya korar ta. A kai shi asibiti, akwai sinadarin bitamin A da ake ba shi. Rigakafinta kyauta ne, a wata 9 da wata 15.

Ƙarambau. Ƙuraje masu ruwa, manya fiye da na zafi, har cikin gashin kai da baki. Wasu na bushewa wasu na fitowa. Kada a ba yaron asfirin, kuma a nisanta shi da mai ciki da sabon jariri.

Ƙazuwa. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, tana tsakanin yatsu da wuyan hannu da gindi, tana bin 'yan gida ɗaya bayan ɗaya. Wanka da iska ba sa kore ta. Sai an yi wa duk gidan magani rana ɗaya, an wanke kayan shimfiɗa an shanya a rana.

Sanƙarau. Ba mu manta da 2017 ba, shekarar da annobar ta fi yi wa Zamfara ɓarna a kan kowace jiha. Alamominsa zazzaɓi, ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai, ga jariri kuma maɗiga ta kumbura. Wani lokaci ɗigo-ɗigo masu duhu kan fito a fata. Ki danna gefen kofin gilashi a kansu: in ba su dushe ba, maza asibiti. Amma kada ki jira ganin ɗigon kafin ki tafi.

Ƙurajen magani. In sun fito bayan an fara shan wani sabon magani, musamman in leɓe da ido da baki sun yi gyambo ko fuska ta kumbura, a dakatar da maganin, a tafi da kwalinsa asibiti a ranar.

7. Alamomin "tashi mu tafi"

*Ga mai jagora: Ki karanta, mata su maimaita, har kowa ta riƙe.*

- Zazzaɓi tare da ƙuraje. In jariri ne an naɗe shi da kaya, a cire kayan a jira kamar rabin awa. In jikin bai sauka ba, a tafi.
- Jaririn da bai kai wata 2 ba, mai ƙuraje masu mugunya ko zafin jiki.
- Ƙin kama nono, yawan barci, amai, jijjiga, ko numfashi da sauri.
- Wurin ya kumbura, ya yi zafi, yana faɗaɗa, ko kaluluwa ta fito.
- Jiki zafi rau, ba gumi, ba fitsari, mutum na sambatu ko ya suma. A kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi ta fifita, ana neman abin hawa.
- Kwana 4 ana sanyaya fata amma ba sauƙi.

A fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko Babban Asibitin Tsafe. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Duk mun san halin hanyarmu idan dare ya yi. Saboda haka shawarar tafiya da rana ake yanke ta. Yaron da kika ga alamarsa da hantsi, kada ki ce bari mu ga zuwa magariba.

8. Ɗan wasan kwaikwayo

*Mata uku su fito: uwar jariri, surukarta, da maƙwabciya 'yar ƙungiya.*

Suruka: Ke 'yar nan, mi ya samu wuyan yaron ga? Maza sa mai hula, ki karɓo kirim ɗin nan wurin mai kemis.

Uwa: To Inna. Sai dai kuɗin hannuna na zubin gobe ne.

Maƙwabciya: Sannu da gida Inna. Bari in taɓa shi. Jikinsa ba zafi, ga shi yana ta shan nono. Inna, ku da kuka raini goma kun fi mu sani, ba zufa ce ta kwanta mai a wuya ba? Mu gwada cire hular da wanka kwana biyu. In bai baje ba, ni zan raka ta asibiti.

*Tambayoyi: Me maƙwabciya ta duba kafin ta yi magana? Yaya ta yi ba ta kunyata Inna ba? Da jikin yaron da zafi, idonsa ja, me ya kamata ta ce?*

9. Aikin ƙungiya

*Lissafi:* Kowace mamba ta tuna abin da ta kashe bazarar da ta wuce a kan kirim, hoda da allurar ƙuraje. Duk kuɗin hannun jari ɗaya, ta ajiye ƙwayar masara ɗaya a faifai. A ƙirga a gaban kowa. Hannun jari nawa ƙungiya ta rasa?

*Shawara:* Ba a fafe gora ranar tafiya. A tattauna waɗannan, abin da aka amince sakatariya ta rubuta cikin dokokin ƙungiya:
1. In ɗan mamba ya nuna alamar haɗari ba ranar taro ba, yaya za a fitar da kuɗin mota daga asusun taimako? Wa zai kira masu makulli uku?
2. Ko ƙungiya za ta sayi ma'aunin zafin jiki guda ɗaya, a ajiye wurin ma'aji? In ya nuna 38 ko sama, zazzaɓi ne. Ga jaririn da bai kai wata 2 ba, daga 37.5 a kai shi a duba.
3. Wane mai mashin ko mai mota amintacce za mu riƙe lambarsa?

Aikin gida

Kafin taro mai zuwa, kowace mamba ta yi abu uku. Ta duba katin rigakafin 'ya'yanta ta ga ko an yi na wata 9 da na wata 15. Ta nemi izinin maigida tun yanzu, cewa in alamar haɗari ta bayyana ba ya gida, ta wuce asibiti da yaro. Sannan ta koya wa mace ɗaya da ba 'yar ƙungiya ba tambayar nan: ban da ƙurajen, yaron lafiyarsa lau?

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa mu ga damina lafiya.